Giyar tashlih ko a buɗe taka a gyara?

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka tambaya ko ka ɗora wa Camry ɗinka giyar tashlih, wato tsohuwar giyar da aka ciro daga wata mota a wurin da ake kwance matattun motoci a nan Saudiyya, ko a buɗe taka a gyara. Kai tsaye: a buɗe taka a gyara, abin da masu garejin nan ke kira taudib. Amma kada ka bari kowa ya kwance ko da noti ɗaya sai an yi abubuwan da zan faɗa maka tukuna, don Camry 2008 da ta haura kilomita 350,000, tana jinkirin kama D da safe, injin kuma yana ihu tsakanin giya ta 2 da ta 3 kafin ta shiga, ba lallai ne giyarta ta mutu ba.

Fara da mai. Ka bar mota ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, injin na aiki, a duba yawansa. Mai in ya yi ƙasa kaɗai yana kawo wannan jinkirin da zamewar. Sannan a ɗiga shi a kan farin tishu. Ja ko ruwan ƙasa mai haske, da sauran rai. Baƙi mai warin ƙuna, faifan kuloci sun fara cinyewa. In kuwa ya fito kamar an zuba masa madara, lagireto ne ya fashe daga ciki, ruwa ya shiga layin man giya, kuma duk giyar da ka ɗora, sabuwa ko tsohuwa, haka zai kashe ta. Daga nan a sa kwamfuta, a wurin da ba sa sayar da giya, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka. P0717 maganar sensar gudu ce, P0741 ta tanjara ce (torque converter, abin da ke isar da ƙarfin injin zuwa giya), waɗanda suka fara daga P0750 zuwa sama kaɗan kuma galibi na solonoyid ne, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa man giya hanya. Sensa da solonoyid ana canza su ba tare da an sauke giya ba. A kuma duba kujerun injin, domin in robarsu ta tsage za ka ji duka duk lokacin da ka sa D ko ribas, kai kuwa ka ɗora wa giya laifi.

In man bai ƙone ba, a juye na cikin farantin ƙasan giya kawai, wajen lita 3 zuwa 4 ke fita, a canza filta, a duba maganaɗisun da ke ƙasan farantin. Baƙin gari mai laushi ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli shi ne mugun labari. Man Toyota WS taka ke sha, ba T-IV na Camry 2005 ba. Kuma kada ka yarda da wankin na'ura, wato a tura sabon mai da na'ura ya kore tsohon gaba ɗaya, a motar da ta kai wannan tafiya, musamman in ba ka san ranar da aka yi mata canjin ƙarshe ba.

To, in an yi duk wannan tana nan tana zamewa, sai maganar zaɓi.

Tawa 2009 ce, giya iri ɗaya da taka, U250E mai hawa 5. Lokacin da ta fara, wani dattijo ne a sana'iyya, unguwar gareji-gareji, a nan Jidda ya yi min aikin, mutumin da ba ya taɓa komai a mota sai giya. Ya sauke ta, ya kira ni ya ce in zo kafin ya sayi kaya. Na tarar ya jere cikinta a kan tebur bisa tsohon kwali. Ya miƙo min faifan kuloci ɗaya, baƙi ƙirin, ya sulɓe, ya haɗa min da sabo in taɓa da hannuna in ji bambanci. Ya ɗauko wata robar sil ya lanƙwasa, ta karye kamar busasshen kara. Ya ce ga jinkirinka na safe nan: roba ta bushe, mai yana zurarewa, ƙarfinsa ba ya isa ya matse kuloci sai ta ɗumama. Ya canza faifai da robobi duka, ya wanke mukh ɗin giya, wato ƙwaƙwalwarta mai rarraba mai, aka gyara tanjara, ya wanke layin da ke zuwa lagireto, ya ƙara min ƙaramin kula mai sanyaya man giya a gaba. Tsofaffin kayan ya zuba min su a but. Da na zo ɗauka bai ba ni makulli ba, sai da muka fita titin Haramain tare, yana gefe yana sauraron kowane canji, shayinsa a hannu. Tun daga nan mun je Madina ziyara da iyali, sama da kilomita 400, mun hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa mota cike da yara da kuloli, ko gezau. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Ta tashlih kuwa, ta fi sauƙin kuɗi kuma a yini ɗaya ka tashi motarka, iyakar alherinta ke nan. Giya ba ta da mita a jikinta. Wadda za ta shiga motarka galibi daga Camry 2007 zuwa 2011 ta fito, wato sa'ar taka ce, ta sha zafin da taka ta sha, wataƙila ma a hannun ɗan kaddad, wato mai kabu-kabu da motarsa, tsakanin Makka da Jidda. Garantinsu yawanci na 'yan kwanaki ne, in ta ƙi su canza maka wata, kuɗin saukewa da ɗorawa da na mai kuma daga aljihunka sau biyu. Zan yarda da ita ne kawai in gangar giyarka ta fashe, ko ƙarafan ciki sun daddatse, ko kuma kana shirin rabuwa da motar. Ko a nan ma, sai ka ga motar da za a ciro ta da idonka, wadda aka daka ta baya, ka karanta mitarta, a kwance a gabanka. Ka tabbata ta injin 2.4 ce, don ta Toyota Aurion, mai kama da Camry, mai hawa 6 ce, ba za ta yi maka ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da macuta, suna ta kowane ɓangare. Akwai mai wanke giya da dizal ta yi ƙyalli ya ce maka yanzu aka sauke ta daga kwantena. Akwai mai karɓar kuɗin taudib cikakke, ya canza solonoyid ɗaya, ya zuba maganin da ke sa mai ya yi kauri, ta yi lafiya har garanti ya ƙare. Har man ma ana cika tsofaffin galan da na banza, shi ya sa nake sayen nawa da kaina a wurin wakili ko shagon da na sani. Duk wanda ya ce maka "giya ta tafi" bai sa kwamfuta ba, bai shinshina mai ba, ka ja motarka. Ka sa wa giyarka alama da fenti a wani lungu kafin ka bar ta, ka ce a kira ka in an buɗe, ka karɓi tsofaffin kaya. Fatura kuma, wato rasit, a rubuce da hatimin gareji, da jerin abin da aka canza da watannin garanti. Da ita ce za ka iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900. In babu takarda, sai Allah ya isa.

Bayan an ɗora, ka ce a goge abin da kwamfutar motar ta haddace na tsohuwar giya, in ba haka ba za ta yi ta fizga a kwanakin farko ka ɗauka aikin ne bai yi ba. Kafin ka samu kai ta kuwa, in ka sa D da safe ka riƙe birki har ka ji ta kama sannan ka taka totur, kuma ka haƙura da Hada da cunkoson Makka da tsakar rana. In ka samu lambobin kwamfutar ka turo su nan mu gani.