Gargaɗi Kan Jabun NE5532 Da Ake Tallatawa Da Araha

Ina jawo hankalin 'yan uwana masu gyaran amfilifaya da masu haɗa allon farko na ƙara sautin makirfo, game da wani ɗan kasuwa da ke tallata NE5532, wato ƙaramin IC (ɗan guntun lantarki) mai ƙara ƙarfin siginar sauti, a kafafen sada zumunta, yana cewa ragowar kayan wata masana'anta ce shi ya sa ya karya farashi. Na sayi guda hamsin, kuma duk wanda na gwada a cikinsu LM358 ne, wani IC daban da bai kai shi inganci wajen sauti ba, aka kankare sunansa aka buga NE5532.

Abin da ke sa yaudarar ta shige shi ne duka biyun ƙafafu takwas gare su a tsari iri ɗaya, saboda haka idan an dasa na jabun sauti zai fito, mai gyara ya ɗauka aiki ya yi. Sai an ɗaga ƙarfi ake gane ɓarnar. Siginar makirfo ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wani lokaci sai an ninka ta sau dubu, kuma duk hayaniyar da ke cikin matakin farko tare da ita ake ninkawa. Hayaniyar NE5532 na gaskiya, wanda kamfanin Signetics ya fara fitarwa a 1979, kusan nanobolt 5 ce a ma'aunin da masana'antu ke amfani da shi, ta LM358 kuwa ta kai kusan 40. Amfilifayar masallacin da na gyara da na jabun tana ta shuuu a bayan muryar liman, muryar kuma tana kaushi idan ya sassauta karatu, abin da ya dame ni matuƙa domin amana aka ba ni.

Kafin ku biya kuɗi, ku sa mitar awon wuta a gwajin dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai) tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, sannan ta 5 da ta 6. Na gaskiya yana da dayod biyu masu kare mashigarsa, don haka zai nuna kusan bolt 0.7 ko an juya wayoyin mita. Ku auna kuma wutar da yake ja babu sigina: na gaskiya kusan miliamfa 8, na jabun kuwa wajen 1 kawai. Idan aka goga ruwan cire fentin farce a bayansa rubutun ya goge, an sake masa fenti.

Da na nemi ɗan kasuwar ya mayar mini da kuɗina, sai ya toshe lambata, kuma na ga ya dawo da tallan da wani suna, har ya ƙara wani IC na sauti mai suna OPA1612 a jerin kayansa.