Linzami Mai Igiya ko Marar Igiya: Abin da Mai Aikin Zane a Damagaram Zai Duba Kafin Ya Biya

Duk wanda ya taɓa zama yana yanke hoton amarya a Photoshop domin katin gayyata, yana bin gefen mayafinta ɗigo bayan ɗigo, ya san darajar linzamin kwamfuta, wanda yawancinmu a nan muka fi kira suris. Idan kibiyar da linzami ke motsawa a kan allo ta goce da kaurin gashi ɗaya, gefen hoton zai fito kamar an gutsure shi, kuma aibin da ba a gani a kan allo yakan bayyana ƙarara idan an buga shi a kan babban kyalle. Haka abin yake ga mai zana tambarin shago a CorelDRAW ko Illustrator, da mai fitar da taswirar gini a AutoCAD, da matashin da ke ƙoƙarin kwafo zanen dagi na gidajen Birni zuwa kwamfuta ba tare da ya karya lanƙwasarsa ba. Dukkansu tambaya ɗaya suke yi idan tsohon linzami ya gaji: mai igiya za a saya ko marar igiya?

Ra'ayina shi ne, mutumin da ke aiki a tebur guda daga safe zuwa yamma, kuma kuɗinsa a ƙidaye suke, ya sayi mai igiya daga kamfanin da aka sani. Dalilin kuwa na lissafi ne. A cikin farashin marar igiya akwai kuɗin batir da na'urar aika saƙo da ta karɓarsa, saboda haka idan linzamai biyu suka zo a farashi ɗaya, galibi mai igiyar ne ya fi kyawun ido (na'urar da ke ƙasansa mai gane motsi) da maɓallai, waɗanda su ne ainihin abin da aikin zane ke buƙata.

Sai dai ya kamata a yi wa marar igiya adalci game da zargin da aka fi yi masa, wato jinkiri. Linzami yana sanar da kwamfuta inda yake sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Na ofis yakan yi hakan sau 125, ma'ana saƙo ɗaya a kowace milisakan 8, yayin da waɗanda aka ƙera domin wasannin kwamfuta ke kai wa sau 1000 ko fiye, da igiya ko babu. Allon da akasarinmu ke amfani da shi kuwa sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, kusan kowace milisakan 17 ke nan. Wannan ya nuna cewa marar igiya mai inganci ba zai sa mai zane ya ga wani jinkiri ba, kuma Logitech MX Master 3S, wanda masu zane da yawa a duniya ke yabo, a kan 125 ɗin yake aiki. Abin da ke ɓata aiki shi ne yankewar saƙo, lokacin da kibiya za ta tsaya cik na ƙiftawar ido sannan ta yi tsalle.

A nan ne ake buƙatar rarrabewa, domin marar igiya iri biyu ne. Akwai mai zuwa da ɗan makarɓi da ake sokawa a ramin USB, akwai kuma mai haɗuwa ta Bluetooth kai tsaye. Dukkansu suna aiki a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma yake, amma mai makarɓi ya fi tsayawa daram, shi kuwa Bluetooth ingancinsa ya danganta da na'urar da ke cikin kwamfutar, wadda a tsofaffin kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su sau da yawa ba ta da ƙarfi. Don aikin da ke son daidaito, Bluetooth shi ne zaɓi na ƙarshe.

Na ga wannan matsala da idona a wani ƙaramin shagon buga takardu da ke kusa da Kasuwar Dole. Yaron da ke aikin yana haɗa kalanda, kibiya tana ta yi masa gardama, ya sauya batir har sau biyu, ya goge teburin da hannun rigarsa, maigidansa kuma yana cewa a jefar da linzamin a sayo wani. Da muka leƙa bayan kwamfutar, sai ga makarɓin manne da wani faifan ajiya da aka soka a ramin USB 3.0, mai launin shuɗi a ciki. Irin wannan rami yana fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon da linzamin ke magana, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa tun 2012. Muka ciro makarɓin muka mayar da shi ramin gaba, nesa da faifan, nan take kibiya ta daidaita. Na ce wa maigidan, "Alhaji, linzaminka lafiyarsa lau, maƙwabcinsa ne ke hana shi sakat." Wanda ya zaɓi marar igiya ya riƙe wannan, kuma idan da hali ya sami 'yar gajeriyar igiyar ƙari ta USB ya kawo makarɓin kan tebur kusa da hannunsa.

Maganar batir, ko pil a bakin 'yan kasuwarmu, ta fi nauyi a garinmu fiye da yadda kwalin kaya ke nunawa. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura maki 40, yana saurin tsufar da batirin litiyam da aka rufe a cikin linzami mai caji, kuma idan ya mutu canza shi ba abu ne mai sauƙi ba. Mai cin batir ɗin AA ya fi sauƙin sha'ani, tunda ana samunsa a kowane teburin mai kanti, amma mai arha yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen da ke ciki idan aka bar shi ya daɗe. Akwai kuma barcin da marar igiya ke yi domin tattalin wuta: ka ɗaga hannu ka yi magana da mai kaya, ka dawo, motsin farko ya tafi a banza kafin ya farka. A masu tsada ba a cika jin wannan ba, a masu arha kuwa yana da ban haushi. Batir yana ƙara nauyi ma. MX Master 3S ya kai giram 141, Logitech G305 marar igiya giram 99 ne da batirinsa, G102 mai igiya kuwa 85. Wasu sun fi son mai nauyi domin yana hana hannu rawa a dogon layi, ni dai na fi samun sauƙi da marar nauyi idan aiki ya kai awa shida.

Mai igiya ma yana da nasa aibin. Igiyar takan maƙale a gefen tebur ko ta ja linzamin baya a daidai lokacin da ake lanƙwasa layi, kuma a wuyanta, inda ta shiga jikin linzamin, take fara karyewa, musamman ga mai naɗe ta da ƙarfi yana cusawa a jaka kullum. Maganin na farko bai wuce a saki igiyar ta yi lanƙwasa a manne ta da salatif a bayan tebur ba. Amma ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke yawo da kwamfutar hannu tsakanin aji da gida, ko mai zanen da ke bin wuta daga wannan shago zuwa wancan idan an ɗauke kuran, marar igiya mai makarɓi zai fi yi masa daɗi. Ya dai kula kada makarɓin ya ɓace, domin a yawancin masu arha ɓatansa mutuwar linzamin ne gaba ɗaya.

Game da lambar DPI da ake rubutawa da manyan haruffa a kwali, kada ta ruɗi kowa. Tana nuna nisan da kibiya ke tafiya idan hannu ya motsa inci ɗaya, kuma yawanta sauri yake ƙarawa. Tsakanin 800 da 1600 ya ishi mafi yawan aikin zane a allo na yau da kullum. Abin nema shi ne maɓallin da ke sauya DPI nan take, a rage shi lokacin bin gefen hoto, a ƙara lokacin tsallaka allo. Idon linzami kuma yana son shimfiɗa mai duhu marar ƙyalli. Teburin gilashi ko fomika mai sheƙi yana rikita yawancinsu, ƙurar hunturu kuma tana taruwa a ramin idon da cikin tayar tsakiya, don haka a riƙa busawa ana gogewa da busasshen ƙyalle.

Tayar tsakiyar nan ta cancanci a gwada ta da kyau, domin a AutoCAD da ita ake kusanto da zane kuma a danna ta a ja shi, a Blender ma da ita ake juya abin da ake ƙerawa. Taya mai tauri ko mai danna kanta za ta gajiyar da yatsa kafin azahar. Saboda wannan ne ba na ba mai zanen gini shawarar Magic Mouse na Apple, wanda ba shi da taya, ga shi kuma ramin cajinsa a ƙarƙashi yake, ba a aiki da shi yana caji. Wanda aikinsa zanen hannu ne zalla, kamar fuskar mutum ko rubutun ajami mai ado, ya tara kuɗin allon zane mai alƙalami irin na Wacom, domin linzami na yau da kullum ba ya jin nauyin dannawar hannu.

Kayanmu da yawa daga Kano suke shigowa, na ainihi da jabu a gauraye, suna ɗauke da suna iri ɗaya. Saboda haka a tafi kasuwa da kwamfutar hannu, a roƙi mai shago izinin gwaji kafin a biya. A buɗe manhajar zane a ja da'ira a hankali ƙwarai, sannan a ja layi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan layin ya fito da matakala ko kibiya ta yi rawa alhali hannu na tsaye, a mayar. A danna maɓallin hagu a riƙe, a ja wani abu zuwa ƙarshen allo a ga ko zai sake shi a hanya. A ɗora tafin hannu gaba ɗaya a ji ko yatsu sun zauna ba tare da an ƙanƙame su ba. Idan an koma gida, a shiga saitin linzami na Windows a kashe zaɓin nan da ke cewa yana inganta daidaiton kibiya, domin abin da yake yi shi ne sauya nisan tafiyarta gwargwadon saurin hannu, alhali mai zane yana son motsi iri ɗaya ya ba shi nisa iri ɗaya a kowane lokaci.