Sharhi kan mai gyaran da ya auna murhuna kafin ya ce a sayi sabon fanel

Murhun lantarki na zamani, irin mai obin a ƙasa da kan girki huɗu a sama, wanda ake latsa gilashi maimakon murɗa maɓalli, yana da wata cuta da tsohon murhu bai sani ba. Kana zaune ƙalau sai ya yi ƙara, ya nuna harafi da lamba a fuskarsa, obin ya ƙi kamawa ko da wuta ta cika gida. Nawa haka ya yi mini ana dab da sallah, ga odar kek da mitfai na jira. Littafin da ya zo da shi ya ce lambar tana nufin sadarwa ta yanke tsakanin fanel ɗinsa biyu, wato allunan lantarkin da ke sarrafa shi. Kowane kamfani da irin lambarsa: a murhun Samsung C-F0 ake gani, a na Frigidaire F20. Nawa ba ɗaya daga cikinsu ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne.

Masu gyara biyu suka duba shi a nan Kaduna. Na farkon ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ko bayan murhun bai buɗe ba, ya kalli lambar ya ce, "Hajiya, fanel ne ya ƙone, sai an sayo daga Legas." Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin murhun. Na ce ya je zan neme shi.

Na biyun wata maƙwabciyata ce ta haɗa mu, shi ya gyara mata injin wanki. A kansa nake wannan sharhin.

Da ya zo, abin da ya fara yi shi ne kashe babban makunnin murhun na bango, ya ce a bar shi minti goma. Wani lokaci, in ji shi, ƙwaƙwalwar fanel ce kawai take rikicewa idan an ɗauke wuta an dawo da ita bagatatan, hutun nan kaɗai kan isa. Aka kunna, lambar ta ɓace, na fara murna. Ya ce in sa obin a 180 mu jira. Obin na ɗaukar zafi lambar ta dawo. Na ga ya gyaɗa kai, kamar dama abin da yake jira ke nan. Ya ce, "Anti, fanel ɗin da ya mutu ba ya tashi ya yi aiki minti ashirin. Wannan zafi ne ke taɓa shi."

Daga nan ya ɗauko mita ya auna wutar da ke shigowa. Ƙa'idar wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, tamu a ranar ta ɗan yi ƙasa, amma ba ƙasan da zai hana murhu aiki ba. Ya sake kashe wuta, ya kuma kashe ta daga babban akwatin gida, sannan ya jawo murhun ya kwance marfin baya.

A nan na fahimci abin da littafin ke nufi. Fanel ɗaya yana bayan gilashin da nake latsawa, shi ke karɓar umarni yana nuna agogo da zafi. Na biyun ya fi girma, yana ɗauke da wasu baƙaƙen akwatina ƙanana da yake kira rile, su ke yin ƙas-ƙas ɗin nan idan obin zai kama, su ke buɗe wa ƙarfen zafi babbar wuta. Tsakanin su biyun akwai wata siririyar waya mai faɗi kamar ribon ɗin kitso, ta nan suke magana da 'yar ƙaramar wuta, bolt 5 kacal. Idan na saman ya aika saƙo na ƙasan bai amsa ba, murhun yakan rufe komai da gangan, don kada obin ya yi ta ci ba mai tsai da shi. Wato lambar ba ta ce wani abu ya ƙone ba, cewa ta yi ba a jin juna.

Abin da ke cikin bayan murhun kuwa ba kyan gani. Maiƙo ya daskare a kan wayoyi, ƙurar hunturu ta manne masa, ga kashin kyankyaso a kusurwar fanel. Ya ce kusan kowane murhu da ya buɗe haka yake samu, kyankyaso na son ɗumin wurin, tururin girki kuma ta nan yake bi. Ya zare ribon ɗin a hankali ya nuna mini bakinsa: biyu daga cikin haƙoran sun yi kore. Ya wanke su da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya bari suka bushe, ya mayar har sai da ya ji ta zauna.

Na ɗauka an gama. Shi bai yarda ba. Ya kunna wuta, ya kori yaronsa baya, ya ɗora mita a layin bolt 5 ɗin yana kallo. Da sanyi lambar tana tsaye, da obin ya yi zafi sai ta fara rawa tana sauka. Ya kashe, ya haska fanel mai rile ɗin da fitilar wayarsa, ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye guda biyu, kafasita. Lafiyayye samansa a shafe yake, waɗannan sun kumbura, ɗaya har ya ɗan tsattsafo da wani abu ruwan ƙasa. Aikinsu daidaita wutar da ƙwaƙwalwar fanel ke sha ne. Akwai ruwa a cikinsu da zafi ke busarwa, kuma ƙa'idar da masu wannan sana'a suka sani ita ce duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu. Ya tafi da fanel ɗin zuwa shagonsa, ya sa sababbi masu jure digiri 105, ya sake yi wa ƙafafun rile dalma inda ta tsage. Duka da kuɗin hannunsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na farkon ya nema ba.

Wannan aunawar ita ce abin da na biya, kuma ta cancanci kuɗinta. Da ya tsaya a wanke ribon, da murhun ya yi mako guda ya koma gidan jiya, in ce ya cuce ni. Da kuma an sayo sabon fanel na sama, kamar yadda ake yawan yi saboda shi ke nuna lambar, da kuɗi sun tafi ciwo na nan.

Sai dai ba zan yabe shi duka ba. Alƙawarinsa ba abin riƙewa ba ne. Ya ce gobe da safe zai dawo da fanel, goben ta zama jibi, wayarsa a kashe, ni kuma ina toya kek ɗin mutane a obin ɗin gas na aro da ke ƙona gefe ɗaya. Ba ya ba da rasit, garantinsa na baki ne: "In ya sake yi ki kira ni." Ga wadda murhu ne jarinta, wannan bai wadatar ba. Yaronsa kuma ya bar ƙusa ɗaya ta marfin baya a ƙasa, sai da nake shara na tsince ta.

Shawarwarin da ya bari na ɗauki wasu. Ya ce in riƙa kashe makunnin bango duk lokacin da aka ɗauke wuta, kada in kunna sai ta dawo ta zauna, domin fizgar dawowar ce ke kashe fanel. Ya hana ni sa shi a stabilaizar firji: murhu irin wannan idan an kunna komai yana jan kilowat 7 zuwa 10, ƙaramar stabilaiza narkewa za ta yi. Abin da ya dace shi ne na'urar kare fizgar wuta a babban akwatin gida, ita ma ban sa ba tukuna, tun da aka mai da kuɗin wutar 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 lissafin komai ya canja. Ya kuma ce in gargaɗi duk mai sha'awar murhun gwanjo na Amurka: nasu tsarin wutar 120 da 240 ne, fanel ɗin da yawansu 120 yake sha, a haɗa shi kai tsaye da tamu ya tashi aiki nan take.

Murhun yana aiki tun daga lokacin, na yi odar sallah da ta biki a cikinsa lambar ba ta dawo ba. Ribon ɗin dai ya ce wankewa kawai aka yi, tsatsa ta riga ta ci haƙoran, ya kamata a canja shi kafin damina ta yi nisa. Ya nema a kasuwa bai samu mai yawan haƙora daidai da nawa ba, ya ce zai sa a duba masa a kasuwar Alaba ta Legas. Har yanzu ina jiran kiransa.