Cikin murhun ƙira na gas: bargon wuta ko yumɓu da buntu?

Ɗan'uwanmu maƙeri daga Jega ya samu tsohuwar tukunyar gas mai kilo 12.5, yana so ya mayar da ita murhun ƙira, saboda gawayin ƙirya ya yi tsada kuma samunsa ya fara wuya. Tambayarsa ita ce da me zai lulluɓe cikinta: bargon wutar nan da ake sarowa daga Kano ko Legas, ko yumɓunmu na gida? Ya ce wasu sun ba shi shawarar siminti da yashi.

Malam, fara da cire siminti daga lissafi. Simintin gini ruwa ne ke riƙe da ƙarfinsa, da zafi ya haura digiri 500 sai ya fara sakin jiki yana zubowa gari, wani lokaci ma ya fashe ya watso maka tsakuwa a fuska. Ƙarfen da kake son bugawa kuwa sai ya kai digiri 1,000 zuwa 1,200 yake laushi yadda masaba za ta ji daɗinsa. Haka ma garin fi'ofi na silin, shi ma ba ya kai labari.

Bargon wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira seramik faiba, wasu kuma su kira shi da sunan Kaowool, fari ne kamar auduga, ana sayar da shi a naɗe. Wanda aka fi samu yana jure digiri 1,260, akwai kuma mai jure 1,430. Kaurinsa yawanci inci ɗaya ne, kai kuma inci biyu kake buƙata, wato ninki biyu. Amfaninsa ɗaya ne amma babba: ba ya shan zafi. Ka kunna wuta, kafin ka gama jera awartaki da masaba, cikin murhun ya yi ja, can kuma ya koma ruwan lemo. Zafin gas ɗin da ka ƙona ba ya ƙarewa a ɗumama bango.

Yumɓu kuwa sai ya ƙoshi da zafi tukuna kafin ya bar wa ƙarfe. Bango mai kauri na yumɓu zalla, ko na bulon wuta mai tauri irin na gidan burodi, yana iya cinye rabin awa ko fiye kana ƙona gas ba ka buga komai ba. Ga maƙerin da ke kunna wuta da hantsi ya wuce har la'asar, wannan asarar sau ɗaya ce a yini, kuma da bangon ya ɗauki zafi yana riƙewa, ko ka sa sifirin mota mai sanyi a ciki ba ya dusashewa da sauri. Ga wanda zai gyara lauje biyu ya kashe, ya sake kunnawa bayan azahar, kullum kuɗinsa na tafiya a ɗumama ƙasa.

Sai dai yumɓun ma iri-iri ne, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Jan yumɓun fadama da ake ginin tukwane da shi yana da sinadarin ƙarfe da yawa, wajen digiri 1,100 zuwa 1,200 yake fara narkewa. Za ka ga fuskarsa ta yi baƙi tana ƙyalli, sannan ta fara ɗiga a kan aikinka daidai inda harshen wuta ke duka. Wanda ke jurewa shi ne farin yumɓu, kawolin, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Shi sai zafi ya wuce digiri 1,700 yake narkewa. In ka same shi, ka haɗa da dakakken tsingaro ko ɓaraguzan tsohon bulon wuta don kada ya tsuke ya tsage.

Abin da ke sa yumɓu ya ɗan kamo bargo kuwa yana zube a bayan kowane injin shinkafa daga Argungu har Yawuri: buntu. Ka tankaɗe shi, ka cuɗa da yumɓu wajen rabi da rabi a awon kwano. Idan wuta ta ci buntun sai ya bar ƙananan ramuka birjik, iskar da ke cikin ramukan ita ke tare zafi. Bulon da aka yi haka, ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, farce ma na iya kankare shi. Dussar katako ma tana yi. Bai kai bargo ba, amma ya fi yumɓu zalla nesa ba kusa ba, kuma kusan kyauta ne. Kuɗinsa haƙuri ne. Sai ya sha iska a inuwa mako ɗaya ko biyu, a rufe da buhu in lokacin hunturu ne, don iskar na busar da fuska ta bar ciki da danshi. Bayan nan a sa masa ɗan garwashi ya yini, kafin ya ga wutar gas. Wanda ya yi gaggawa, tururin da ke ciki ne zai fasa masa bango.

Bargo shi ma yana da nasa laifin, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Zarensa in ya tashi cikin iska huhu yake shiga, ya fi muni bayan ya sha wuta. Kada a bar shi tsirara. A yayyafa masa ruwa kafin a yanka, a rufe hanci da takunkumin ƙura na gaske, a sa safar hannu. Bayan an jera shi a fesa masa ruwan silika mai sandarar da shi in an samu, sannan a shafe fuskarsa da simintin wuta, wato na musamman mai jure zafi ba na gini ba, kauri kamar rabin santimita zuwa ɗaya. Ba shi da ƙarfin jiki ko kaɗan, bakin rodi in ya taɓa shi sai ya yage. Garin boraks da ake barbaɗawa wajen haɗa ƙarfe da ƙarfe kuwa narkar da shi yake kamar gishiri a ruwa. Shi ya sa ko mai bargo sai ya shimfiɗa bulo mai tauri a ƙasa, wanda zai riƙa canzawa in ya lalace.

In ni ne da tukunyarka, bargo ninki biyu zan sa a zagaye, in shafe da simintin wuta, in sa tsagin bulo a daɓe, ƙofa kuma bulon yumɓu da buntu guda biyu da zan riƙa matsarwa. Kuɗin bargo sau ɗaya ake biya, gas kuwa kowane mako. In bargon bai samu ba, kawolin da buntu mai kaurin inci uku, da siririn shafe na kawolin da tsingaro a fuska.

Akwai kuma batun girma, wanda ya fi rufin ma tasiri. Faɗin tukunyar nan kusan santimita 30 ne. In ka cire inci biyu ta kowane gefe, cikin da ya rage zai haura lita 10, alhali kan wuta ɗaya, wato bututun da ke feso wutar gas, mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, abin da yake iya ɗauka da kyau lita 5 zuwa 6 ne. Ko dai ka rage tsawon tukunyar, ko ka sa kai biyu ka ninka cin gas. Tukunyar gas ɗin firji da masu gyaran sanyi ke jefarwa ta fi dacewa da kai ɗaya. Ramin da gas ke fita ta ciki a kan wutar milimita 0.8 ko 0.9 ya isa. Regiletan girki ba zai tura shi ba, sai mai babban matsi da ake murɗawa, wanda ke kaiwa bar 2 a ma'aunin matsi. In ka ga gindin tukunyar da ke ba da gas ya yi raɓa har da farin ƙanƙara, wuta kuma ta fara tari, ka tsayar da ita a cikin baho mai ruwa, ba a kusa da murhu ba.

Kafin garenda ta taɓa tsohuwar tukunyar, a kwance bawul ɗinta a fili, a cika ta da ruwa har ya tumbatsa don ya kori sauran gas, ta kwana. Warin da ya rage ba shi ne ma'aunin ko akwai sauran gas a ciki ba. Kan wutar kada a yi shi da farin bututun ruwa mai rufin zinki, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Murhun kuma a rumfa mai iska zai zauna, ba cikin shago a rufe ba, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari.

Zuga-zuginka kuma kada ka sayar. Wuƙa, kurfi, ruwan gatari da lauje duk za su shiga bakin murhun gas, amma faɗin galma da lanƙwasar kalme ba za su shiga ba, kuma zafafa wuri ɗaya tak a jikin ƙarfe har yanzu aikin gawayi ne.