Bol bawul ko get bawul? Amsa ga Hajiya mai gini a Madina ta Accra

Salamu alaikum Hajiya, Allah ya sanya albarka a ginin. Kin ce filamba ya rubuta miki get bawul a lis, mai shago yace ki dauki bol bawul, ga kuma na roba mai araha, kina tambaya wanne ya dace a layin da ya taso daga mita zuwa Polytank, wato tankin roba na ajiye ruwa. Ni dai bol bawul na tagulla zan ce ki saya, wanda 'yan shago ke cewa bras, ga dalili.

Get bawul shine mai kambu da ake murzawa, a cikinsa akwai wani faranti da ke sauka kamar kofar shago ta karfe har ya zauna a raminsa. Inda ruwa ke zuwa kullum kuma da tsabta ba laifi yana aiki, kuma a hankali yake rufewa, baya girgiza bututu. To amma kin san ruwan Accra, ko na Kpong ko na Weija, rabawa ake unguwa unguwa, in ya dauke ya dawo na farkon yakan zo da yashi da tsatsa, wannan yashin a ramin farantin yake kwanciya, sai ki murza har karshe amma ruwa na ci gaba da tsiyaya. Sannan in ya dade ba a taba shi ba sai ya cije, ranar da bututu ya fashe cikin dare yara su sa karfi, zaren ciki ya cinye, kambu na ta juyawa a banza ruwa na malala a tsakar gida, mita kuma na ta kirga. Ranar da kike bukatarsa ranar yake kin aiki, abin da ya raba ni da shi kenan.

Bol bawul kuwa kwallo ce mai huda a tsakiya, juyi daya na kwata ya rufe ruf, ba ramin da yashi zai taru kamar wancan. Hannun in ya bi tsawon bututu a bude yake, in ya gitta a rufe, daga nesa ma za ki gane, a gidan haya mai mutane da yawa wannan ba karamin abu bane. Lahaninsa, in aka fizge hannun da sauri ruwa na buga bututu har ki ji kara, musamman in akwai injin tura ruwa, don haka a rika rufewa a hankali. Kuma kar a bar shi rabi a bude don rage karfin ruwa, robar da ke rike kwallon ce ke lalacewa. Ki leka ciki kafin ki biya, hudar ta kusa fadin bututun, mai karamar huda yana rage ruwan da dama ba karfi gare shi ba.

Na roba baya tsatsa kuma kudinsa kadan, a inuwa kan ruwan sanyi ya wadatar. A waje rana na busar da shi, hannun ya karye, gashi galibi da gam ake manna shi sai an yanke bututu kafin a canza.

Inda ake cutar mutane shine jabu. Akwai mai kalar tagulla a waje amma cikinsa wani karfe ne mara nauyi, wajen daurewa ma yake tsagewa. Ki rike biyu a hannu, na kwarai yafi nauyi, ki duba zaren ciki ya zama ruwan dorawa ko da bayansa fari ne. Maganadisu baya kama tagulla, amma ba duk jabu yake kamawa ba, kar ki dogara da shi kadai. A jikinsa ki nemi PN16 ko PN25, shine karfin ruwan da yake dauka, DN kuma fadin bututu ne, DN15 rabin inci ne, DN20 uku bisa hudu, DN25 inci daya.

Ki ce wa filamba ya sa yuniyan, wato mahadin da ake kwancewa ba sai an yanke bututu ba, kusa da bawul din saboda ranar canji, ya kara da non ritan kafin tanki don kar ruwanki ya koma layi in an dauke.