Fim ɗin Sigfrid mai kashe macijin dodo: wane kwafi ya kamata a tura maka?

Fim ne na shekarar 2004 wanda Uli Edel ya ba da umarni, aka ɗauke shi a Afirka ta Kudu. Matsalar farko sunansa. A Amurka ana ce masa Dark Kingdom: The Dragon King, a Ingila Sword of Xanten, wasu wuraren kuma Ring of the Nibelungs. Idan ka shiga shagon tura fina-finai a Samaru ko PZ a Zariya ka ambaci suna ɗaya aka ce babu, gwada sauran kafin ka juya. Kafin kuma a cire memori, duba tsawonsa. Cikakken ya kai kusan awa uku, kashi biyu ne, amma akwai wanda aka datse ya koma awa biyu da 'yan mintuna. Datsattsen gudu yake yi, ba ka gama gane wane ne wane ba sai ka ga an ɗaura aure.

Tushen labarin waƙar Jamusawa ce, Nibelungenlied, da aka rubuta wajen shekarar 1200, sai aka haɗa ta da yadda mutanen arewacin Turai ke ba da shi. Bazazzagi ba zai ji baƙunta ba. Sigfrid ya kashe dodo kamar yadda Bayajidda ya kashe macijin Kusugu, ya yi wanka da jininsa ya zama ɗan tauri, ƙarfe ba ya cinsa. Ganye ɗaya ne ya faɗo masa a gadon baya, jini bai taɓa wurin ba, nan lagonsa yake. Brunhild kuwa sarauniya ce mayaƙiya, duk mai son aurenta sai ya kayar da ita. Da ganinta za ka tuna Amina.

Inda fim ɗin ya ci tuta shi ne faɗan dodo. A waƙar, Hagen, wani jarumin fadar sarki Gunta, shi ne kawai ya ba da labarinsa a baitoci kaɗan, su kuwa suka shimfiɗa shi a kogo, da wuta da duhu. Sai dai duhun nan ne ke tona asirin kwafi mai araha. Idan an matse fayil ɗin ƙasa da 480p, kogon yana komawa baƙin tabo mai murabba'i-murabba'i, ba ka bambance wutsiya da dutse. Nemi 720p, ko da zai cinye maka fiye da giga ɗaya.

Canjin da ya rage wa labarin armashi shi ne na abin sha da aka ba Sigfrid ya manta Brunhild ya koma wa Krimhild, ƙanwar sarki Gunta. Daga labaran arewacin Turai aka aro shi, kuma ya wanke jarumin tas, komai ya zama sammu ne. A waƙar kuwa da hankalinsa ya sa rigar ɓata, irin layar zana, ya taya sarki Gunta yaudarar Brunhild har ta auri Gunta. Daga nan matar wa da ƙanwar miji suka yi cacar baki a ƙofar majami'ar garin Worms kan wadda za ta riga shiga, asiri ya tonu. Krimhild da hannunta ta ɗinka alama a bayan rigar mijinta, wai don Hagen ya kare shi, shi kuwa ya auna wurin da mashi lokacin da Sigfrid ya sunkuya shan ruwa.

Rabin waƙar na biyu, inda Krimhild ta auri sarki Etsel ta yi shekaru tana dakon fansa har ta ƙarar da danginta, babu shi sam. Wanda ya zo don wannan zai tashi da yunwa.

Akwai wanka tsirara da zubar jini, ba na kallo da yara a tsakar gida ba ne. Ka ce a haɗa maka da fayil ɗin rubutun ƙasa, sunansa ya zama daidai da na bidiyon, in ba haka ba manhajar kallon bidiyo ta VLC ba za ta ɗauko shi da kanta ba.