Sharhi a kan famfon tatsar nono na hannu, daga mai haɗa shayarwa da madarar gwangwani

Famfon tatsar nono na hannu da na saya a wani kemis a Sabon Garin Kano ya ci kuɗinsa, amma fa bai hana 'yata rigima ba. Aikin da ya yi mini shi ne tsare ruwan nonona daga janyewa lokacin da muka fara haɗa mata da madarar gwangwani. Na san mata da dama da suka saye shi da tunanin zai cika musu kwalba nan take, da bai yi hakan ba suka jefa shi a durowa, kuma abin yana damuna.

Likita ne ya sa mu fara madarar, bayan an ɗora ta a sikeli ranar rigakafi aka ga nauyinta bai hau yadda ake so ba. Nas ɗin ta ja mini kunne cewa duk sanda na ba ta fida, in tabbatar na tatsa. Dalilin shi ne jiki yana samar da nono ne gwargwadon abin da aka cire daga cikinsa, kamar rijiya, sai an ɗiba take kawo sabon ruwa. Sabon jariri yana tsotso sau 8 zuwa 12 cikin awa 24. Duk fidar da ya sha ta cinye gurbin tsotso ɗaya, in ba a tatsa ba sai jiki ya ɗauka an rage buƙata, shi ma ya rage. Da dare kuwa sinadarin da ke sa a samar da nono ya fi yawa a jinin uwa, shi ya sa ko gajiya za ta kashe ni ba na haɗa madara tsakar dare, mama take sha.

Na zaɓi na hannu ne saboda yanayin wutarmu. Ba ya buƙatar caji, ba ya ƙara, yana shiga jakar hannu. Mazurari ne da ake kifawa a kan nono, sai mariƙin da ake dannawa, da kwalba, da wani ɗan bawul na roba a tsakiya. Da farko abin da ke fitowa ko gindin kwalbar ba ya rufewa. Sai da na riƙa ɗora tawul mai ɗumi, in ɗan mulmula nonon, in fara da dannawa gajere-gajere da sauri har ruwan ya sauko, sannan in koma dogon ja a hankali. Da safe ya fi zuba. Kuma don Allah kada wata ta auna yawan nononta da abin da ta gani a kwalba, yaro ya fi kowane famfo iya cirewa. Ma'aunin gaskiya shi ne sikeli, da jiƙaƙƙen kunzugu 6 ko fiye a rana.

Aibin famfon: mazurari ɗaya tak ke cikin kwalin, kuma ya yi mini faɗi, yana jawo fatar gefen kan nono har ta yi ja. Na sha yawo kafin na samu ƙarami. Hannu yana gajiya. Bawul ɗin ma ya saki bayan yawan tafasawa, ƙarfin jan ya ragu, lambobin jikin kwalbar suka fara gogewa.

Rigimar kuwa daga la'asar take farawa, har bayan isha'i. Ta kama, ta saki, ta banƙare, ta tsala ihu. Hajiya, mahaifiyar maigida, da tausayi take cewa, "'Yar nan, nonon nan bai isar ta, ki ƙara mata madara ko ki ɗan ba ta ruwa." Na fahimci damuwarta, amma ruwa dai ban bayar ba, don jaririn da bai kai wata 6 ba ba ya buƙatarsa ko a zafin Afrilu. Kukan yamma abu ne sananne ga jarirai, yakan yi ƙamari wajen mako 6, daidai lokacin arba'in, ya lafa zuwa wata 3 ko 4. Abin da na lura ya ƙara mata fushi da mama shi ne kan fida mai babbar huda: ta saba da madara tana kwarara, ta zo nono sai ta yi aiki kafin ya sauko. Na canza zuwa mai ƙaramar huda, ina zaunar da ita, in riƙe fidar a kwance, in riƙa tsayawa tana gyatsa. Kullum mama ne farko, madara ta biyo baya a matsayin ciko. Sauran kuma goyo ne da rungume ta fata da fata. A duk wannan famfo ba shi da hannu.

Inda Kano ke ba da wahala shi ne ajiya. Awa 4 da ake cewa nonon da aka tatsa yana yi a ɗaki, a yanayin da bai wuce digiri 25 ba ne, mu kuwa a bazara muna haura 40. Kwana 4 na firji ma sai da tsayayyar wuta. Don haka ba na tarawa. Abin da na tatsa yanzu shi take fara sha a fida ta gaba, kuma ta haka gwangwani ya fara daɗe mana fiye da da, abin da maigida ya fi kowa lura da shi. Ita madarar da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba nake haɗawa, da cokalin cikin gwangwanin daidai, wadda ta kai awa 2 kuma in zubar, duk tsadarta. Famfon ma sai an kwance shi ɗaya bayan ɗaya an wanke da sabulu bayan kowace tatsa, don nono na maƙalewa a ƙarƙashin bawul.

Kunun gyaɗa da fura ina sha, suna riƙe mini ciki, kunun kanwa ne na bari saboda jinina ya ɗan hau. Amma ban ga ruwan nono ya dawo sosai ba sai da tatsar ta zama ta yau da kullum.

Mai jegon da ke gida tana ba da fida sau kaɗan a rana, na hannun zai ishe ta. Wadda za ta koma aiki ta wuni a waje, gara ta nemi mai caji, hannu ba zai jure ba. Kafin ki biya kuɗi ki sa a buɗe kwalin ki ga faɗin mazurarin, ki kuma tambaya ko suna sayar da bawul ɗin shi kaɗai.